Wanda Ya Je Neman Orozali

Duk wanda ya saba shiga mota daga Narin zuwa Bishkek, da wuya a ce bai san Turdubek ba. Dogo ne mai faɗin kafaɗa, yana tuƙa wata farar ƙaramar bas wadda ƙofarta ba ta rufuwa sai an tokare ta da gwiwa. Sauran direbobi a tasha kan fasa maƙogwaro wajen kiran fasinja, su ja hannun wannan, su fizge jakar wancan. Shi kuwa sai ya jingina da motarsa, ya zuba hannu a aljihu, har ta cika don kanta. Tsofaffin mata sun fi son motarsa, don ba ya gudu, ba ya kunna waƙa, ba ya kuma tambayar kowa abin da zai kai shi birni.

Ba haka aka haife shi ba. Yayarsa Anarkan takan ce sa'ad da yake yaro bakinsa ba ya hutawa, har mahaifiyarsu kan cusa masa burodi don kunnuwan mutanen gida su sarara. Da ya gama makaranta aka ɗauke shi soja kamar kowane saurayi a zamanin Tarayyar Sobiyet, aka tura shi Afganistan, aka ba shi tankar mai. Shekara biyu yana hawa da gangara da ita a kan duwatsu cikin jerin gwanon motoci. Ya dawo ƙauyenmu Sari-Bulak da ƙafa biyu da hannu biyu, ko ƙwarzane babu, aka yanka rago aka yi murna. Surutun ne kawai bai biyo shi gida ba. Aka ce za a yi masa aure, ya ce to. Aka haifa masa 'ya, aka miƙo masa ita cikin zane, ya duba ya ce madalla, ya mayar. Ranar da aka watsa gonar gwamnati, ana rabon tumaki da taraktoci, wasu na kuka wasu na dambe, shi ya karɓi abin da aka ba shi, ya sayar, ya sayi mota. Matarsa Sabira ta daɗe da daina fushi da shi.

"Ba mugu ba ne," takan gaya wa maƙwabta. "Kamar dai murhun da aka kwashe wa wuta ne. Murhun yana nan, ba inda ya je."

Mahaifinsa kuwa, tsoho Kadirali, bakinsa ya ishi mutum biyu. A wajenmu mu Kirgiz, namijin da bai iya jero sunayen kakanninsa bakwai ba, ba a ɗaukarsa ɗan kowa. Kadirali kan faro nasa daga na can nesa yana zubowa kamar karatu, in ya iso kan mahaifinsa Orozali sai ya gyara zama, don nan labari yake. Bai san shi ba. Yana tatata aka tafi da Orozali babban yaƙin da aka yi da Jamus. Abin da ya sani duk daga bakin mahaifiyarsa Burulkan ya ji shi: cewa a duk kwarin nan ba mahayi kamar Orozali, cewa a wasan ƙwace akuya yakan sunkuyo daga kan sirdi doki na sukuwa ya sure ta da hannu ɗaya. Mutum irin wannan, ai ba inda soja za su sa shi sai cikin mayaƙan doki. Da farko "ai ba inda za su sa shi" ake cewa. Da shekaru suka tura sai maganar ta koma "sun sa shi", daga nan aka samo wa dokin launi, aka samo masa takobi.

Abin da hukuma ta aiko da shi kuwa kalma biyu ce: ya ɓace. Burulkan ta hana a yi masa sadaka. Ta ce wanda ba a ga gawarsa ba, ba a yanka masa doki. Haka ta tsufa, haka ta mutu. Kadirali ya yi ta aikawa da tambaya ofis-ofis tun yana saurayi, amsar ɗaya ce kullum, ba su da mai wannan suna.

Ciwon ajali ya kama Kadirali da kaka, lokacin da ake sauko da dabbobi daga tsauni. Wata rana da hantsi Turdubek yana zaune a gefen shimfiɗarsa yana kallon bango, tsohon ya buɗe ido.

"Turdu."

"Na'am, Ata," ya ce, yadda muke kiran uba.

"Ni dai tafiya zan yi. Ina isa uwata za ta tare ni ta ce, ina ubanka? Me zan ce mata?"

Turdubek ya ci gaba da kallon bango.

"Ka nemo shi. In ka same shi, ka ɗebi ƙasar kabarina ka kai masa. Ka ji?"

"To."

"Kai, wannan 'to' ɗin na fasinja ne. Shi kake ce wa tsohuwar da ta ce ka tsaya ta sayi zuma, ka kuma wuce abinka. Na ce ka ji?"

"Na ji, Ata."

Ranar jana'iza maza suka jeru a jikin tantin makoki, kowa ya dafa sandarsa yana kuka da ƙarfi kamar yadda al'ada ta ce. Turdubek ya tsaya a gabansu, shi ne ɗa. Maƙogwaronsa ya fitar da sautin da ake bukata, idonsa kuwa a bushe, yana lura da cewa igiyar tantin ta gefen hagu ta yi sako-sako. Bayan an watse ya koma maƙabarta da wata tsohuwar takardar ganyen shayi, ya cika ta da ƙasa, ya ɗaure da roba, ya jefa cikin akwatin gaban mota tare da kusoshi da tsumman goge hannu. Nan ta yi sanyin shekarar gaba ɗaya.

Da don ta shi ne, da watakila tana nan har yau. Anarkan ce ba ta bari ba. Tsohuwar malamar makaranta ce a Narin, ta yi ritaya amma muryar aji ba ta yi ritaya ba. Duk ranar da ya biyo ta ƙofar gidanta sai ta fito da tsintsiya a hannu.

"Direba! Ina aka kwana a maganar Ata?"

"Ana nan ana dubawa, Eje," yakan ce, yadda muke kiran yaya mace.

"Wa ke dubawar? Kai ko motar? Wallahi da ni ce namiji a gidan nan da tuni na tono shi ko a ƙarƙashin birnin Balin na Jamus yake."

Ya je ofishin soja na gunduma don ta ƙyale shi. Wata mata mai kirki ta duba masa, ta ba shi amsar da aka saba ba mahaifinsa. Ya yi godiya ya fito, a ransa magana ta ƙare.

'Yarsa Cholpon ce ta ɓallo ta. Ma'aikaciyar jinya ce a wani asibiti a Rasha, kuma a lokacin an fara zuba tsofaffin takardun yaƙi a kwamfuta, kowa na iya dubawa daga ɗakinsa. Ta kira shi yana tsaye a wani gidan abinci na bakin hanya, fasinjoji na shan shayi.

"Ata, zauna."

"A zaune nake," ya ce, yana tsaye.

"Ni fa tun da na zo ƙasar nan ba wanda ya taɓa kiran sunana daidai. Yau Sholpan, gobe Chulpan, wata tsohuwa ma Polina take ce mini. Sai na ce bari in ɓata sunan kaka yadda su za su ɓata shi. Kuma ku kullum Orozali kuke nema a sunan dangi, alhali da sunan ubansa Jantai aka rubuta shi. Ga shi nan a gabana: Jantayef Urazali, daga yankin Narin. Sunan matarsa Burulkan."

"To."

"To kawai? Ata, na samo shi fa!"

"Na ji. A ina ya mutu?"

Ta ce, "Abin ne da ban mamaki. Ba sojan doki ba ne. Sojan ruwa ne. A wani ƙaramin jirgi a kogin Volga, kusa da Astrakan. Aikinsa zuba kwal a wutar injin. Jirgin ya taka nakiya ya nutse."

Turdubek ya dubi shayinsa da ya huce. Ya ce mata ta gaida mutanen gidan da take haya, ya kashe waya, ya kira fasinja su shiga mota.

A gida kuwa kamar an jefa dutse cikin amya. Anarkan ta cire tabarau ta mayar. "Kwal? Kakanmu? A'a. Wani Urazalin ne."

"Da matarsa Burulkan, Eje?"

"Burulkan ɗaya ce a duniya?"

Tsoho Mamatkul, ɗan baffan Kadirali, wanda yanzu shi ne babba a dangi, dariya ya yi har da tari. "Orozali a jirgin ruwa! Mutumin da bai taɓa ganin ruwan da ya wuce cikin doki ba? Yarinya ta danna ƙarfe, ƙarfe ya yi mata ƙarya, ku kuma kun zauna kuna saurare. Tun kafin a haifi ubanta muke faɗin labarin nan."

Turdubek bai yi musu da kowa ba. Amma da bazara ta wuce, aka gama yankan ciyawa, sai wata safiya Sabira ta gan shi yana cire batirin mota yana shigar da shi ɗaki.

"Lafiya?"

"Zan je Astrakan."

Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta shiga ta soya masa cincin, ta ƙulle masa busasshen cuku, ta sa masa safa mai kauri.

Jirgin ƙasa ya ratsa da shi ƙasar Kazak. Fili ne shimfiɗe ba tudu ba itace, sai raƙuma jefi-jefi da farin gishiri a kan ƙasa. Mutanen ɗakinsa na jirgi suka yi ta caca da hira, suka gaji da jan sa magana suka ƙyale shi. Ya zauna jikin taga. Sau ɗaya tunani ya zo masa cewa ta wannan hanyar aka bi da Orozali, wataƙila cikin taragon dabbobi. Tunanin ya zo ya wuce kamar turken waya.

Cholpon ta haɗa shi da wani tsohon matuƙin jirgin ruwa mai suna Arkadi, Barashe, wanda tun da ya bar aiki ba shi da sana'a sai bin tarihin jiragen da suka nutse a kogin. Gajere ne mai jan hanci, ga son magana. Ya tarye shi a bakin ruwa, ya ɗaga kai ya dube shi.

"Kai! Duk haka kuke a tsaunin naku? Me ake ba ku?"

"Nama."

"Ya nuna. Zo mu je, soja."

A hanya ya ba shi labari. A shekarun nan na yaƙi, ta kogin ake hauro da man fetur daga kudu zuwa bakin daga. Jiragen saman Jamus suka riƙa zuba nakiyoyi cikin ruwa don su datse hanyar. Sai aka tattara duk wani abu mai iyo, jiragen jan kaya da na masunta, aka ɗora musu bindiga, aka ce su riƙa share hanya. Mutane kuwa ba a zaɓa ba. Wanda aka sauke daga jirgin ƙasa ranar, in yana da ƙarfi, sai a miƙa masa shebur.

"Ashe shi ma aikin mai ne," in ji Turdubek.

"Me ka ce?"

"Ba komai."

Arkadi ya kai shi wani lungu inda aka ɗaure wani tsohon jirgi da tsatsa ta cinye, irin na wancan zamani. Suka sauka ta wani tsani zuwa cikinsa. Ɗaki ne na ƙarfe, duhu, ba taga, bai fi a shimfiɗa tabarma biyu ba. Ga bakin tanderun injin a gaba, ga ramin kwal a baya. Turdubek ya miƙe tsaye, kansa ya bugi rufin. Ya sunkuya, ya gwada juyawa daga ramin zuwa tanderun kamar mai riƙe da shebur. Sai an tanƙwara baya, an kuma kare gwiwar hannu. Duk gidansu dogaye ne. Ya tsaya a sunkuye yana jiran ko wani abu zai motsa a ƙirjinsa. Abin da ya ji kawai warin tsatsa ne da zafin ƙeyarsa.

"Ba zan ɓoye maka ba," in ji Arkadi, muryarsa ta sauka. "In nakiya ta tashi, na saman jirgi ruwa kan watsar da su, wani ya tsira, wani a tsinci gawarsa. Na nan ƙasa kuwa..." Ya ɗaga kafaɗa. "Amma akwai wani ƙauyen Kazak kusa da inda abin ya faru, Kum-Aral. An ce sun binne wasu. A jirgin kakanka akwai masu irin sunayenku da dama, har da wani Ba'uzbek da Batatare. Je ka nemi tsohuwa Nagima, in ba ta riga ta mutu ba. Ni ba ta sona, ta ce na cika tambaya."

Ya shiga bas, ya hau jirgin fito, ya taka da ƙafa. Kum-Aral 'yan gidaje ne a kan yashi, ga raga a shanye ko'ina, ga ƙarnin kifi. Harshensu da namu kamar ɗan wa da ɗan ƙane ne, ana fahimtar juna. Surukar Nagima, wata mata mai fara'a da ake kira Raushan, ta shigar da shi ba tare da ta tambayi abin da ya kawo shi ba, ta shimfiɗa ledar abinci. Tsohuwar tana zaune a kan katifa, 'yar mitsitsiya, da ɗankwali fari fat, idonta ɗaya ya yi hazo. Aka ajiye masa soyayyen kifi. Ya tsaya yana dubansa.

"Ci mana," in ji Nagima. "Ku mutanen tsauni, ku hau dokin da bai san linzami ba, amma ƙayar kifi ta ba ku tsoro. Raushan, cire masa ƙayar, kada baƙo ya mutu mana a gida."

Ya ci. Da aka zuba shayi ya faɗi abin da ya kawo shi, a taƙaice.

Tsohuwar ta daɗe tana juya kofinta. "Ina 'yar yarinya lokacin, ban isa aure ba. Ba namiji a garin nan sai wani gurgun liman da yara. Yunwa kuwa, har saiwar ciyawa mun ci. Ran nan da hantsi muka ji ƙara, ƙasa ta girgiza, tukwane suka faɗo. Muka ruga bakin ruwa. Ba mu ga jirgi ba, sai hayaƙi da katakai. Can sai ga kifi. Ɗana, kogin nan fari ya koma, kifi ne matacce ya taso, ciki sama, iya ganinka. Uwata ta cire zanenta na sama ta shiga ruwa tana kwasa. Kowa ya shiga. Muka dafa, muka gasa, muka shanya. In ka ce in gaya maka gaskiya, abin da na fi tunawa da ranar nan shi ne na ƙoshi."

Raushan ta ce, "Haba, Apa," wato Inna.

"To ƙarya zan yi masa? Daga nesa ya zo." Ta juyo gare shi. "Bayan kwanaki sai mutanen suka fara fitowa cikin ciyawar bakin ruwa. Waɗanda muka ga 'yan Rasha ne, aka kai su ƙauyen gaba inda suke da maƙabarta. Uku kuwa namu ne. Ɗaya da laya a wuya, sauran liman ya duba ya ce Musulmi ne. Mata suka haƙa rami, shi ya yi musu wanka ya sallace su. Ba takarda a jikinsu, ruwa ya cinye."

"Akwai dogo a cikinsu, Apa?"

"Ɗana, sun kwana biyu a ruwa. Dukansu manya ne."

Ya gyaɗa kai.

"Da zan ce maka akwai, ka ji daɗi ka tafi. Amma ni ma na kusa zuwa inda suke, ba na son su tare ni da maganar." Ta kurɓi shayi, ta kafe shi da idonta mai gani. "Kai wane yaƙin ka yi?"

"Wa ya ce miki na yi yaƙi?"

"Haka mijina yake cin abinci bayan ya dawo daga yaƙi. Kamar aiki aka ba shi."

Bai taɓa gaya wa kowa ba, ko Sabira. Ba don yana ɓoyewa ba, ba wanda ya tambaye shi kai tsaye ne. Ya ce akwai wani abokinsa Iliyas, mutumin Talas, wanda tankarsa ke gaban tasa a jeri. Aka harbo ta daga kan dutse ta kama da wuta, Iliyas na ciki. Hanyar siririya ce, dutse a dama, rami a hagu, ba a tsayawa. Motar yaƙi ta zo ta ture tankar cikin ramin don a samu hanya. Shi ne na biye. Ya bi ta kan wurin, yana jin tayoyinsa na manne wa kwalta don zafi.

"Da yamma aka ba mu shinkafa da naman gwangwani," ya ce. "Na cinye nawa. Aka ce ga rabon Iliyas, na cinye shi ma."

Ya faɗe shi ne kamar mai yi wa baƙo kwatancen hanya. Raushan ta tashi ta fita tana share ido. Tsohuwar ba ta ce Allah sarki ba.

"Ciki bai san makoki ba," ta ce. "Sha shayinka."

Da la'asar Raushan ta raka shi maƙabarta. A can gefe, wajen da yashi ya fara cin shinge, aka kafa wani bututun ƙarfe da jinjirin wata a kansa. Tudun kaburburan ya daɗe da bajewa. Ta nuna masa da hannu: daga nan zuwa nan, su uku a jere. Ta koma ta bar shi.

Ya durƙusa. Karatunsa ba yawa, ya karanta Fatiha da Ƙulhuwallahu, ya shafa. Ya ciro takardar shayin daga aljihu, robar ta tsinke don tsufa. Ƙasar Sari-Bulak baƙa ce, a kan yashin nan sai ta yi kamar garin gawayi. Ya raba ta uku da idonsa, ya zuba. Wataƙila Orozali na nan. Wataƙila yana can ƙasan kogi cikin ɗakinsa na ƙarfe. Ya zauna yana jira. Sauro ya yi masa caa a wuya. Wata akuya ta shigo ta inda wayar shingen ta faɗi, ta tsaya tana kallonsa tana tuƙa.

Washegari ya ari guduma da filaya wajen mijin Raushan, ya sayo waya a kantin garin. Ya kwana biyu yana gyaran shingen, ba gefen mutum ukun kaɗai ba, duka kewayen. Da zai tafi Nagima ta sa aka cika masa jaka da busasshen kifi.

"Ka kai wa matarka. Ka ce mata in ji ni, ta yi haƙuri da kai. Mu ma mun yi."

Anarkan na jiransa a tasha. "Ka same shi?"

"Na sami wuri."

"Wuri ko shi?"

Ya ba ta labari yadda yake, bai ƙara ba bai rage ba. Ta saurara har ƙarshe, abin da ba ta saba ba. Sannan ta zauna a kan bencin tasha ta yi kuka sosai, mutane na wucewa suna kallo. Shi yana tsaye riƙe da jakar kifi.

Kafin ƙanƙara ta rufe hanya dangi suka haɗu aka yi wa Orozali sadakar da aka hana shi shekara saba'in da ɗoriya. Aka yanka goɗiya mai ƙiba, aka kafa tantuna, liman ya yi karatu, aka ambaci sunansa cikin matattu a karo na farko. Tsoho Mamatkul, wanda ya ce ƙarfe ya yi ƙarya, shi ya zauna a saman shimfiɗa yana ba baƙi labari. Kafin a kawo romo Orozali ya zama mai harba babbar bindigar jirgi. Kafin a raba nama ya zama shugaban jirgin, ya kakkaɓo jiragen sama biyu, kuma a kan doki ya isa bakin kogin. Wani saurayi ya leƙo waje inda Turdubek ke yanka nama ya kira shi yadda muke kiran na gaba, ya ce, "Baike, gaskiya ne?"

"Tambayi tsoho," ya ce, ya ci gaba da yanka.

Nagima ta rasu da sanyin shekarar. Raushan ce ta kira ta gaya masa. Ya yi mata ta'aziyya, ya tambaya ko shingen na nan, ta ce yana nan.

Abin da ba wanda ya zata shi ne bai tsaya nan ba. Ya sa Cholpon ta karanto masa sunayen sauran Musulmin jirgin, ya shiga neman danginsu, ba gaggawa, ba ɗoki, kamar mai biyan sallar da ta wuce shi. Fasinjansa daga ko'ina suke, sai ya fara yin abin da bai taɓa yi ba, yana tambayarsu daga ina suke, wa suka sani. Na Batataren bai samu kowa ba. Na Ba'uzbek ɗin kuwa, bayan shekara guda wata mai sayar da atamfa ta samo masa lambar wani jikansa, mai gyaran firji a garin Andijan. Ya kira shi daga tasha da rana tsaka.

Mutumin ya saurara, ana jin ƙarar guduma a bayansa. "To, yanzu me kake so? Akwai wani abu da gwamnati ke bayarwa ne?"

"Babu."

"To mu ba mu san shi ba. Ubana ma bai san shi ba. Kakata ta yi wani auren, ba a maganarsa a gidanmu."

"Shi ke nan. Na ce dai in gaya maka."

Turdubek ya sauke wayar daga kunne zai kashe, sai ya ji muryar na cewa wani abu. Ya mayar. An daina buga gudumar.

"Na ce, yaya sunan ƙauyen?"

"Kum-Aral."

"Dakata in samo abin rubutu. Kum me?"

Ya maimaita masa a hankali. Ya gaya masa bas ɗin da zai hau daga Astrakan, da inda ake fito, ya ce in ya isa ya nemi gidan Raushan, kuma ya tafi da maganin sauro.